Hodar da Ke Tona Asirin Ruwa: Shin Za Ta Yi Aiki a Rijiyoyin Dogarawa?

Duk wanda ya baro gadar Kwangila ya miƙi hanyar Kano, ba zai yi nisa ba zai tsinci kansa a Dogarawa, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Unguwa ce da babban titi ya raina. Ga gidajen mai, ga manyan motoci a fake, ga garejin kanikawa da masu walda da masu fentin mota, ga masu cajin batir da 'yan gwangwan da ke ɗora tarkacen ƙarfe a sikeli. Bayan wannan hayaniya kuwa gidaje ne ke ta tsirowa a inda jiya-jiya gonaki ne. Mai hali ya haƙa burtsatse, mai matsakaicin ƙarfi ya yi rijiya, saura su jira 'yan ga-ruwa. Tun 2017 aka ƙaddamar da sabuwar matatar ruwan Zariya mai iya tace lita miliyan 150 a rana, amma bututu bai kamo saurin magina ba, don haka ruwan ƙasa ne madogarar gidaje da yawa.

Tambayi magidanci a nan ko ruwansa mai kyau ne, sai ya ɗebo maka a kofi ya ce ka duba da kanka: garai-garai, babu wari, babu zartsi. Yana da gaskiyarsa. Ido da hanci da harshe suna kama laka da ruɓa da gishiri. Sai dai akwai baƙin da ke shiga ruwa ba sallama, ba su da launi, ba su da ɗanɗano: dalma, zaiba, kadmiyam, kuromiyam da asanik. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dalma ta wuce mikirogiram 10 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha, kuma ƙa'idar Nijeriya ma haka ta ce. A lissafin 'yan ga-ruwa, giram ɗaya tak na dalma da ya narke ya isa ya kai jarka 4,000 masu lita 25 bakin wannan iyaka. Kadmiyam ma ya fi tsanani, mikirogiram 3 ne iyakarsa. Tafasawa ba ta korar ƙarfe, sai ma ta ƙara masa kauri saboda ruwan ne ke tafiya da tururi. Sinadarin kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ruwansa da dalma.

Wannan ba zargi ba ne a kan rijiyoyin Dogarawa. Maganar ita ce ba kasafai ake kai ruwan rijiyar gida awo ba, alhali hanyoyin da ƙarfe ke bi ya kai ga ruwa suna nan a fili a kowane gari mai irin waɗannan sana'o'i. Cikin batirin mota faranten dalma ne jere a ruwan asid, kuma idan an fasa shi a kwarara ruwan ake yi a ƙasa. Ƙona wayoyi da tsofaffin kayan lantarki don a ciri tagulla yana barin toka mai ƙarfe. Wasu fentuna suna ɗauke da dalma. Shekaru da dama motoci sun yi ta ƙona fetur mai dalma kafin Nijeriya ta daina a farkon shekarun 2000, kuma abin da ya sauka a gefen titi bai tashi ya tafi ko'ina ba. Ga kuma sharar bola da manoman kewayen birni ke saya su zuba a gona a matsayin taki, da ragowar batir da gwangwani duk a ciki. Damina ta zo ta wanke wannan duka zuwa kwata, kwata ta kai rafi, da rani kuma 'yan lambu su kafa injin ban-ruwa a bakin kogunan Kubanni da Galma.

Tafiyar kwalba zuwa ɗakin bincike

Idan mutum ya ƙudurta sanin gaskiyar ruwansa, da wuya a sami garin da ya fi Zariya kayan aiki a Arewa. A Samaru akwai Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, da Sashen Kimiyyar Sinadarai da babban ɗakin bincikenta na haɗaka. A Basawa akwai NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa. NILEST, cibiyar kimiyyar fata da ƙirgi, tana Samaru. Cibiyar binciken makamashi ta CERT tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike, NIRR-1, da ke aiki tun 2004, inda ake iya gano sinadaran da ke cikin ɗan ƙanƙanin samfurin ƙasa ko ganye. Binciken aikin gona a Samaru kuwa ya samo asali tun 1922.

Na'urar da aka fi sani wajen wannan awo ita ce AAS, wadda wani masani a Ostireliya, Alan Walsh, ya fito da dabararta a 1955. Ana fesa ruwan cikin harshen wuta, a haska masa wata fitila da aka ƙera don ƙarfe guda, sai ƙwayoyin zarrar wannan ƙarfe su shanye wani ɓangare na hasken. Gwargwadon abin da suka shanye, gwargwadon yawansu. Aiki ne mai kyau, amma yana da tsarabe-tsarabe. Sai da iskar gas, sai da fitilar kowane ƙarfe daban, sai da wutar lantarki da ba ta rawa, sai da ƙwararren da zai daidaita na'urar. Kwalbar da za a ɗebo ruwan ma sai an wanke ta da asid, a ɗiga wa ruwan asid kaɗan don kada ƙarfen ya maƙale a jikin roba kafin a iso. Kuɗi kuma ana biya ne a kan kowane ƙarfe a kowane samfuri. Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba: AAS mai harshen wuta, wadda ita ce ta fi yawa, da ƙyar take ganin dalma a matakin mikirogiram 10. Wannan mataki sai an tattara samfurin an kaurara shi, ko a koma ga mai murhun girafait ko na'urar ICP-MS, waɗanda tsadarsu ta ninka.

Duk da haka ɗalibai da malamansu sun yi shekaru suna auna ruwan Kubanni da Galma, da lakar gindinsu, da alayyafo da latas da kabejin da ake nomawa a gaɓarsu. Sakamakon yana bambanta da wuri da kuma lokacin shekara, wasu sun sami abin da ya haura ƙa'ida, wasu ba su samu ba. Kundayen suna nan jere a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da rumbunan intanet. Manomin da aka ɗebi ruwa a bakin lambunsa kuwa, yawanci rabonsa da mai binciken tun ranar da suka yi sallama. Tsakanin Dogarawa da Basawa tafiyar ɗan lokaci ce a Keke Napep, amma ga mai rijiya nisan ya fi haka, domin bai san wa zai nema ba, bai san nawa zai biya ba, in ma an miƙo masa takardar sakamako da wuya ya gane abin da lambobin ke nufi.

Abin da ya faru a Zamfara

Arewa ta riga ta ɗanɗana kuɗar rashin awo da wuri. A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Zamfara, ba wanda ya kawo komai a ransa. Zuwa watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da ke yawon sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da ƙauyukan da yara ke amai, su yi ta jijjiga, su mutu, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Sai da aka aika jini waje kafin aka tabbatar gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake haƙowa a yankunan Anka da Bukkuyum suna cakuɗe da dalma, ana kawo su cikin gida a daka, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Binciken da ayarin hukumar CDC ta Amurka da hukumomin Nijeriya suka yi a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai ko sun haura mikirogiram 45 a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma. Ƙaramar na'urar awon jini da aka zo da ita tana tsayawa a 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa. A wasu wuraren an sami ƙasar da fiye da kashi goma cikin ɗari nata dalma ce. An ƙiyasta yaran da suka rasu da 400 ko fiye. Bagega, ƙauye mafi girma a cikinsu, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, bayan matsin lambar masu fafutika. A 2015 abin ya sake ɓullowa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Abin da ya taimaka wajen aikin kwashe ƙasa a Zamfara shi ne na'urar hannu ta XRF, wadda ake ɗora bakinta a ƙasa ta ba da lamba cikin daƙiƙoƙi. Da ita aka bi gida-gida ana sanin inda za a kankare. Amma kuɗinta dubban daloli ne masu yawa, kuma ba ta ganin ɗan abin da ya narke a ruwa. Wannan giɓi, na awo mai araha da za a yi a bakin rijiya a ga amsa nan take, shi masu binciken sinadarai a duniya suke ta neman cikewa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi ɗaukar hankali ita ce wata hoda mai ƙyalli.

Gini mai ɗakuna a cikin ƙwayar hoda

A watan Oktoban 2025 aka ba da lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai ga mutum uku: Susumu Kitagawa na Jami'ar Kyoto a Japan, Richard Robson na Jami'ar Melbourne a Ostireliya, da Omar Yaghi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Yaghi ɗan Falasɗinawa 'yan gudun hijira ne, an haife shi a Amman a 1965, ya tashi a gidan da ruwan famfo ke zuwa sau ɗaya a mako ko mako biyu, labarin da ba zai zama baƙo ga ɗan Sabon Gari ba. Abin da ya haɗa su ukun shi ne wasu sinadarai da ake kira MOF a taƙaice.

A ido, MOF hoda ce kawai. A can ciki kuwa ta yi kama da benen da aka kafa wa ginshiƙai da rodi ba a yi masa bango ba tukuna: ƙwayoyin ƙarfe su ne mahaɗa, dogayen sinadarai masu kabon su ne sandunan da ke haɗa su, tsakani kuma ɗakuna ne fayau, jere cikin tsari, kowanne daidai girman ɗan'uwansa. Robson ya gwada irin wannan gini da tagulla a 1989, amma nasa bai da ƙwari. Kitagawa ya nuna a 1997 cewa iskar gas na iya shiga ɗakunan ta fita ba tare da ginin ya rushe ba. A 1999 Yaghi ya fito da MOF-5, wadda in da za a shimfiɗa bangayen da ke cikin 'yan giram kaɗan nata, sai su rufe filin ƙwallo. Tun daga nan an haɗa ire-irensu dubun-dubata, domin mai haɗawa shi ke zaɓar ƙarfen, ya zaɓi sandar, ya ƙayyade faɗin ƙofa da abin da zai maƙala a bango.

Ƙyallin kuwa abu ne da mai shago ko ɗan canji ya riga ya sani. 'Yar tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana fitar da hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani sosai. Wasu sinadarai a jikin takardar kuɗi suna shanye shi su mayar da shi launin da ido ke gani. Haka wasu MOF suke yi. Wani lokaci sandar kabon ɗin ce ke ƙyalli. Wani lokaci kuma sandar tana kamo hasken ne ta miƙa ƙarfinsa ga wani ƙarfe na musamman a mahaɗar: yurofiyam yana ba da ja, tabiyam yana ba da kore.

To, idan aka zuba hodar a ruwa mai dalma ko zaiba, ƙwayoyin ƙarfen da suka narke sai su kutsa cikin ɗakunan su maƙale a bango. Dalma da zaiba suna da son farar wuta, shi ya sa ake dasa sinadarai masu farar wuta ko naitirojin a jikin bangayen don su zama tarko. Da zarar baƙon ya zauna, sai ya tare hanyar da ƙarfin hasken ke bi, ƙyallin ya dushe. Iya yawan gubar, iya dushewar. Wasu an tsara su ne akasin haka, suna duhu sai guba ta shigo su haska. Waɗanda suka fi wayo suna da launi biyu, ɗaya yana canzawa ɗaya yana nan daram, sai a gwada wannan da wancan, ta yadda raunin batirin tocila ko yawan hodar ba zai ruɗi mai awo ba. Amfanin ramukan shi ne suna tattaro ɗan abin da ya watsu a ruwa su tara shi wuri guda kusa da mai ƙyallin, shi ya sa ake iya ganin ƙanƙanin adadi.

Misalin da aka fi ambata shi ne aikin ayarin Farfesa Jing Li na Jami'ar Rutgers a Amurka, da aka wallafa a 2016. Sun haɗa wata MOF mai sinadarin zink, suka sa mata suna LMOF-263, wadda ke iya gano zaiba a matakin mikirogiram 3.3 a lita, dalma kuma a 19.7. Ba ganowa kaɗai ba, ta tsotse fiye da kashi 99 cikin ɗari na zaibar da ke ruwan gwaji cikin minti 30, ba ta kuma damu da kalsiyam da magniziyam ba, waɗanda ke cikin kowane ruwan rijiya. Akwai kuma MOF da yawa da aka nuna suna dushewa idan sun haɗu da kuromiyam mai lamba shida, nau'in da ke jawo ciwon daji. Wannan ya shafi Kano kai-tsaye, inda masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suke aiki da gishirin kuromiyam maimakon bagaruwar da majeman gargajiya suka gada, ya kuma shafi Samaru, tunda a nan cibiyar binciken fata take.

Inda gizo ke saƙar

A sake duba lambar nan ta dalma: 19.7. Iyakar ruwan sha 10 ce. Ke nan wannan hoda da ake yabo, ruwan da ya kusa ninka ƙa'ida zai iya wuce ta tana ƙyallinta lafiya lau. An samu wasu daga baya da masu su suka ce sun fi ta gani, amma yawancin irin waɗannan lambobi a tataccen ruwan ɗakin bincike ake samo su, wanda aka ɗiga wa ƙarfe ɗaya da gangan. Ruwan rijiya ba haka yake ba.

Babbar matsalar da za ta fara tarar wannan fasaha a Zariya tana ƙarƙashin ƙafarmu. Jar ƙasa da marmarar da garin ke zaune a kai cike suke da baƙin ƙarfe, shi ne ke sa wani ruwan burtsatsen ya yi ja idan ya kwana a bokiti, ya ɓata tayil da fararen kaya. Baƙin ƙarfen da ya narke yana cikin abubuwan da suka fi kashe ƙyallin MOF, har ma kaso mai tsoka na takardun da ake wallafawa a wannan fanni a kan gano shi ne, saboda shi ya fi sauƙi. Tagulla ma haka. Idan aka kawo hodar da ke dushewa aka zuba a irin wannan ruwa, tana iya yin duhu alhali babu ko ɗigon dalma, a tayar wa mutane da hankali a banza, a rufe rijiyar da ba ta da laifi. Ruwan rafi kuma yana da laka da ruɓaɓɓen ganye, su ma suna shanye hasken ultrabayolet, wasunsu har ƙyallin kansu suke yi. Hasken da ya dushe ba ya faɗin sunan wanda ya dusar da shi. Wannan ne ya sa masu launi biyu da masu haskawa idan guba ta shigo suka fi dacewa da mu, ko da sun fi wuyar haɗawa.

Sai batun ƙwari. MOF-5 da ta yi suna, danshin iska kaɗai yana rusa ta. A 2008 masu bincike a Jami'ar Oslo suka fito da UiO-66 mai sinadarin zakoniyam, wadda ke jure ruwa da zafi, kuma a kanta ake gina da yawa daga cikin hodojin awon ruwa da ake gwadawa. Abin da zai yi aiki a nan sai ya jure zafin Afrilu a cikin shagon kwano, da ƙurar hunturu, da danshin Agusta, ya yi watanni a ajiye bai canza ba. Ba kasafai takardun bincike ke gwada wannan ba.

Kuɗi ma abin dubawa ne. Yurofiyam da tabiyam suna cikin ƙarafan da ba a cika samu ba, kuma Sin ce ke riƙe da mafi yawan tace su. Sandunan kabon na musamman da ruwan DMF da ake dafa hodar a ciki duk daga waje ake sayo su da dala, shi DMF ɗin ma guba ne da ke buƙatar kulawa wajen zubarwa. Gaskiya ne awo ɗaya ɗan mitsitsin hoda yake ci, amma kafin a kai ga wannan mitsitsin an kashe da yawa.

Akwai kuma abin da Zamfara ta koyar: dalmar da ta kashe yara a ƙura da ƙasa take, ba narkakkiya a ruwa ba. A gidajenmu ma hanyoyinta sun fi rijiya yawa. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi sawu har zuwa kwallin da ake sa masa, wanda aka auna aka ga kashi 82.6 cikin ɗari dalma ne. Tukwanen da ake zubawa daga narkakken tarkacen ƙarfe su ma an sha samun suna sakin dalma cikin abinci. MOF da ke jiran narkakken ƙarfe ba za ta ga waɗannan ba sai an jiƙa samfurin a asid. A nan wata dabarar ƙyalli ta daban ta riga ta fita kasuwa. Masu bincike a cibiyar AMOLF ta Amsterdam sun haɗa wani ruwa da ake fesawa a bango ko kwano ko ƙasa, idan akwai dalma sai ya haɗu da ita su zama sinadarin da ke ƙyallin kore a ƙarƙashin tocilan ultrabayolet. An wallafa aikin a 2023, ana sayar da shi da sunan Lumetallix. Ba shi da ramuka, ba MOF ba ne, amma ya nuna cewa tocila da kwalbar fesawa suna iya yin aikin da a da sai an ɗauko na'ura mai tsada. Hodar MOF ta awon ruwa kuwa har yanzu yawancinta tana ɗakin bincike, ba abin da mutum zai shiga kasuwar Sabon Gari ya saya ba ne.

Rabon Zariya a wannan aiki

A ganina kuskure ne masu bincikenmu su shiga tseren ƙirƙiro sabuwar MOF ta dubu ɗari da ɗaya don a sami takardar ƙarin girma. Wannan tsere na masu manyan na'urorin duba tsarin ƙwayoyin zarra ne, kuma sun yi nisa. Abin da Zariya ke da shi wanda Rutgers ba ta da shi shi ne ruwan Dogarawa da na Hayin Dogo da na Muciya, da lakarsa da baƙin ƙarfensa, ga kuma ɗakunan bincike a kusa da za su tabbatar da gaskiyar kowane awo. Aikin da ke jira shi ne a ɗauki hoda biyu ko uku da aka riga aka san suna jure ruwa, a lulluɓa su a 'yar takarda ko a daskarar da su a leda, a gwada su a ɗaruruwan rijiyoyi rani da damina, kowane samfuri kuma a raba shi biyu, rabi ga hoda rabi ga babbar na'ura. Daga nan za a san sau nawa hodar ke ihu babu ɓarawo, sau nawa kuma ɓarawo ke wucewa tana barci. Na biyun ya fi haɗari. Kyamarar waya a cikin ɗan akwati mai duhu ta isa ta auna launin, an kuma gwada haka a wurare da dama.

Kayan haɗin ma ba duka ne sai an tsallaka teku ba. Sandar kabon da ake gina UiO-66 da ita, wato asid ɗin tereftalik, ita ce ginshiƙin robar ruwa da ta lemo da ke toshe mana kwatoci, kuma masu bincike a Afirka ta Kudu sun nuna ana iya narkar da robar a haɗa MOF da ita. Injiniyoyin sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna haɗa ziyolait, wani dutse mai ramuka, daga farar ƙasar Ƙanƙara. Ɓuntun shinkafa da ake ƙonawa a bayan injinan casa yana ba da silika, wadda ita ma ake yi mata ramuka a dasa mata sinadari mai ƙyalli. Waɗannan ba za su kai na Turai kaifin gani ba, wataƙila, amma abin da ake nema a matakin farko shi ne mai tacewa: ya ware rijiyoyin da ke da alamar tambaya, a kai ruwansu Basawa ko Samaru a tabbatar, maimakon a ce sai an kai duka ko a bar duka.

Saura tambayar da ba ta sinadarai ba: idan hoda ta dushe, babbar na'ura kuma ta tabbatar, sai me? Wa zai gaya wa mai gida, wa zai auna jinin yaransa, ina za su koma ɗiban ruwa? Hukumomin kula da muhalli, NESREA ta tarayya da KEPA ta Jihar Kaduna, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma duk suna da hannu a takarda. Yara sun fi manya shanye dalmar da ta shiga cikinsu har ninki huɗu zuwa biyar, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta komawa, don haka jinkirin wata shida tsakanin awo da mataki ba ƙaramin abu ba ne.

Bangaladash ta bi wannan hanya kafin mu. Da aka gano asanik a ruwan burtsatsenta, a farkon shekarun 2000 aka baza ma'aikata da 'yan akwatunan awo masu araha, waɗanda su ma ba su kai ɗakin bincike daidaito ba, suka auna rijiyoyi kusan miliyan 5. Wadda ta haura ƙa'idar ƙasar aka shafa wa bakin famfonta jan fenti, mai kyau kuma kore. Binciken da ya biyo baya ya nuna gidaje da yawa sun sauya wurin ɗiban ruwa, musamman inda koren famfo ke kusa kuma maƙwabci ya yarda a ɗiba. Inda babu na kusa, mutane sun ci gaba da shan na jan famfo suna sane. Bayan 'yan shekaru fentin ya koɗe, aka haƙa miliyoyin sababbin rijiyoyi da ba wanda ya auna, sai da gwamnati ta sake fitar da kuɗi don wani zagayen awon.